Sayyada Asma'u ƴar Umais, mai jinyar manyan bayin Allah

  

Duk almajirin da ya karanci babin jana'iza a Muwaɗɗa ta Imamu Malik ya ci karo da labarin matar da ta wanke gawar Sayyadina Abubakar Siddiƙu (RA) a rana mai tsananin sanyi, tana ɗauke da azumi. Sunanta Asma'u ƴar Umais. Wasu kan rikita ta da Asma'u ƴar Sayyadina Abubakar, alhali mutum biyu ne daban: waccan ɗiyarsa ce, wannan kuwa matarsa.

Allah Ya ƙaddara wa wannan baiwa tasa wani rabo da ba kowa ya samu ba. Tana cikin ɗakin da Manzon Allah (SAW) ya yi jinyarsa ta ƙarshe. Ita ta yi jinyar Nana Faɗima (RA) har ta cika, ita kuma ta yi ta Sayyadina Abubakar. Amma mijinta na fari da ɗanta, waɗanda zuciyarta ta fi rataya da su, dukkansu sun cika nesa da ita, ba ta rufe idon ko ɗaya daga cikinsu ba. Wanda yake son ya san mene ne zama kusa da mai cikawa, da abin da ake nema ga mai wannan zama, to ya dubi rayuwarta.

Asalinta da hijirarta

Asma'u ƴar ƙabilar Khas'am ce. Mahaifiyarta ita ce Hindu ƴar Aufu, wadda malaman tarihi suke cewa babu tsohuwar da ta kai ta dacen surukai. Cikin ƴaƴan Hindu akwai Maimunatu ƴar Harisu, matar Annabi (SAW), da Ummul Fadli, matar Sayyadina Abbas, da Salma ƴar Umais, matar Sayyadina Hamza. Ita kuwa Asma'u ta auri Ja'afar ɗan Abu Ɗalib, wan Sayyadina Aliyu, mutumin da Annabi (SAW) ya shaida masa cewa ya yi kama da shi a halitta da ɗabi'a. Ta musulunta tun farkon al'amari a Makka, kafin Annabi (SAW) ya shiga gidan Arƙam.

Da azabar Ƙuraishawa ta tsananta, sai Annabi (SAW) ya yi wa sahabbai izinin hijira zuwa ƙasar Habasha, wajen sarki Najjashi wanda ba a zaluntar kowa a ƙasarsa. An fara wannan hijira a shekara ta 5 bayan aiko Annabi, wajen 615 miladiyya. Asma'u ta ƙetare teku tare da mijinta, kuma Ja'afar ne ya zama bakin musulmi a gaban sarki. A can ta haifi ƴaƴanta uku, Abdullahi da Muhammadu da Aunu. Abdullahi shi ne wanda ya shahara daga baya da kyauta, har ake kamanta shi da teku.

Sun yi fiye da shekara goma a baƙunta. Ba duk wanda ya tafi ne ya dawo ba. Littattafan sira sun jero sunayen waɗanda ajalinsu ya riske su a Habasha, maza da mata da yara ƙanana. Mutanen da suke ƴan kaɗan a ƙasar da ba tasu ba, ba su da dangin da za su kira in ciwo ya kwantar da wani, su ne dangin juna. Asma'u kuma mace ce mai lura. Abu biyu da ta dawo da su daga Habasha sun nuna inda hankalinta yake: ta san yadda mutanen ƙasar suke ba majinyaci magani, ta kuma ga yadda suke ɗaukar gawa zuwa makwancinta. Dukkansu biyu sai da ta yi aiki da su a Madina.

Masu hijira biyu

Sun iso Madina a shekara ta 7 bayan hijira, daidai lokacin da aka ci Haibara. Annabi (SAW) ya yi murna da zuwan Ja'afar har ya nuna bai san wanne ya fi faranta masa rai ba, cin Haibara ko dawowar ɗan baffansa.

Wata rana Asma'u ta kai ziyara ɗakin Nana Hafsa, sai Sayyadina Umar (RA) ya shigo. Da ya ji ko wace ce, sai ya ce mata su mutanen Madina sun riga su hijira, saboda haka sun fi su cancantar kusanci da Annabi (SAW). Ranta ya ɓaci. Ta tuna masa cewa su suna tare da Manzon Allah yana ciyar da mayunwacinsu yana karantar da jahilinsu, su kuwa suna can ƙasa mai nisa cikin tsoro da cutarwa, kuma duk saboda Allah da ManzonSa ne. Ta yi rantsuwa ba za ta ci ba, ba za ta sha ba, sai ta kai maganar gaban Annabi (SAW), kuma za ta faɗe ta yadda take, ba ƙarya, ba karkatarwa, ba ƙari. Da ta faɗa masa, sai ya yi hukunci cewa Umar da mutanensa hijira ɗaya gare su, su kuwa mutanen jirgin ruwa hijira biyu gare su. Buhari da Muslim duk sun kawo wannan labari, har da cewa Abu Musal Ash'ari da sauran mutanen jirgin sun riƙa zuwa wurinta ƙungiya ƙungiya don ta maimaita musu.

A riƙe wannan hali nata da kyau, domin shi ne ginshiƙin abin da zai biyo baya. Mace ce da in an ba ta magana takan isar da ita kamar yadda aka ba ta, ko da a gaban wa za ta tsaya.

Ranar da aka zo mata

Ba su cika shekara biyu a Madina ba sai aka yi yaƙin Mu'uta, a watan Jimada Ula na shekara ta 8 bayan hijira, wato 629 miladiyya, a wani wuri da yake cikin ƙasar Jodan ta yau. Musulmi 3,000 ne suka fuskanci rundunar Rumawa. Zaidu ɗan Harisa ya riƙe tuta har ya yi shahada, Ja'afar ya karɓa. Aka sare hannunsa na dama, ya riƙe da na hagu, aka sare shi ma, ya rungume tutar har ya faɗi. Abdullahi ɗan Umar ya ƙirga raunukan jikinsa masu yawa, bai samu ko ɗaya a bayansa ba. A can aka rufe shi.

A Madina kuwa, Asma'u ta wayi gari tana aikin gida. Ita da kanta ta ba da labarin cewa ran nan ta jeme fatu, ta kwaɓa ƙullunta, ta yi wa yara wanka ta shafa musu mai. Sai Annabi (SAW) ya shigo. Bai aiko kowa ba, da ƙafarsa ya zo. Bai fara da faɗar labarin ba, sai ya ce a kawo masa ƴaƴan Ja'afar. Ya rungume su yana shinshinar kawunansu, hawaye na zuba daga idanunsa masu albarka. Daga nan ta gane, ta tambaye shi ko wani labari ne ya zo game da Ja'afar da abokansa, ya tabbatar mata cewa sun yi shahada a ranar. Ta fashe da kuka, mata suka taru. Ya bar ta ta zubar da hawayenta, ya dai hana ta munanan kalamai da dukan ƙirji. Da ya koma wurin iyalinsa, ya tarar da Nana Faɗima tana kukan Ja'afar, sai ya yi umarni a dafa wa iyalan Ja'afar abinci, domin abin da ya same su ya shagaltar da su. Daga nan malamai suka ɗauko sunnar kai abinci gidan da aka yi rashi.

Ya ba su kwana uku, sannan ya sake dawowa. Ya ce kukan ɗan'uwansa ya isa haka, ya sa aka kira wanzami ya yi wa yaran aski, ya ɗaga hannun Abdullahi ya roƙa masa albarka a cinikinsa. Da Asma'u ta ambaci maraicinsu, ya kwantar mata da hankali cewa shi ne waliyyinsu duniya da lahira. Bayan haka ma bai sake da su ba. Da ya ga yaran sun rame ya tambaye ta dalili, ta ce kambun baka ne yake saurin kama su, ya yi mata izinin yi musu tofi. Ita ce kuma ya koya wa kalmomin da ake faɗa lokacin baƙin ciki, waɗanda Abu Dawuda ya ruwaito daga gare ta: a ambaci sunan Allah sau biyu, a tabbatar Shi ne Ubangiji, ba a haɗa Shi da kowa.

Ke nan kafin Asma'u ta zauna kusa da kowa, sai da aka zauna kusa da ita. Ta koyi wannan aiki daga hannun wanda ya fi kowa iya shi, a ranar da ta fi kowace rana ɗaci a gare ta.

Darasin ɗura

Bayan ta gama takaba, Sayyadina Abubakar ya aure ta. A hanyar hajjin bankwana, a shekara ta 10, ta haifa masa Muhammadu a miƙatin Zul Hulaifa, Annabi (SAW) ya ce ta yi wanka ta ɗauki harami ta ci gaba da tafiya. Watanni kaɗan bayan dawowarsu, ciwon ajali ya kama Shugaban halitta.

A ruwayar da ita kanta ta bayar, ciwon ya fara masa a ɗakin ƴar'uwarta Maimunatu, ya yi tsanani har ya suma. Matan da suke wurin suka ji tsoron ko ciwon haƙarƙari ne, suka yi shawara su yi masa ɗura ta gefen baki, irin maganin da aka gani a Habasha. Nana A'isha (RA) ta ba da labarin cewa ya yi musu ishara kada su yi, su kuwa suka ɗauka ƙin magani ne irin na kowane majinyaci, suka ɗura masa. Da ya farfaɗo ya gane cewa wannan aikin matan da suka zo daga Habasha ne, Asma'u kuwa tana cikinsu. Ya sanar da su cewa Allah ba zai jarrabe shi da wannan ciwo ba, sannan ya yi umarni a yi wa duk wanda yake ɗakin irin wannan ɗura, ban da Sayyadina Abbas. Har Nana Maimunatu sai da aka yi mata, alhali tana azumi.

Babu mai shakkar cewa ƙauna ce ta sa su. Wanda ya ga masoyinsa yana tafiya, hannunsa ba ya iya zama wuri ɗaya, sai ya ga lalle ya yi wani abu. Amma Annabi (SAW) ya yi musu tarbiyya ko a wannan hali: majinyaci yana da haƙƙin a saurare shi, rauninsa ba ya mayar da isharar hannunsa banza, kuma ƙauna ba ta halatta a danne shi. Neman magani sunna ne, shi da kansa ya yi umarni da shi. Abin da ya gyara musu shi ne rashin sauraro. Ya sa kowannensu ya ɗanɗani ɗacin abin da suka ba shi, kuma wasu malamai sun ce ya yi haka ne don kada su tashi da haƙƙinsa a kansu ranar alƙiyama. Cikin gyaran ma akwai jin ƙai.

Abin da yake ƙara wa Asma'u daraja shi ne, ita ce ta ruwaito labarin da kanta, ba ta ɓoye cewa tana cikin matan ba. Manzon Allah (SAW) ya yi wafati a watan Rabi'ul Awwal na shekara ta 11, wato 632 miladiyya.

Jinyar Nana Faɗima

Nana Faɗimatuz Zahra'u ba ta daɗe ba bayan mahaifinta. Wata shida kacal ta yi. Ciwo ya kwantar da ita, ga yara ƙanana, Hasan da Husaini da Zainabu da Ummu Kulsum. A lokacin Asma'u matar Halifa ce, tana da goyon da bai cika shekara ba, ga kuma marayun Ja'afar. Duk da haka ita ce ta lazimci ɗakin.

Mai jinya yakan ji abin da mai zuwa dubiya ba ya ji, domin majinyaci ba ya buɗe cikinsa ga wanda ya leƙo ya yi sannu ya fita. Wata rana Nana Faɗima ta gaya wa Asma'u abin da yake damunta. Ba tsoron mutuwa ba ne, domin mahaifinta ya riga ya yi mata albishir cewa ita ce farkon wadda za ta riske shi cikin iyalinsa, kuma dariya ta yi da ta ji haka. Abin da yake damunta kunya ce. A wancan zamani akan ɗora gawar mace a kan makara a lulluɓa mata mayafi kawai, mayafin kuwa yana kwanciya a jiki ya bayyana siffarta a gaban maza. Ita ba ta son a yi mata haka.

Asma'u ba ta ce mata ta daina zancen mutuwa ba. Ba ta ce mata za ta warke ba, ba ta kuma kawar da maganar da wata hira ba. Ta ɗauki damuwar da girmanta, ta ce za ta nuna mata wani abu da ta gani a Habasha. Ta sa aka kawo ɗanyun rassan dabino, ta tanƙwara su a kan gado kamar rumfa, ta yafa tufa a sama, yadda wanda yake waje ba zai ga siffar wanda yake ciki ba. Nana Faɗima ta duba ta yaba ƙwarai. Wasu ruwayoyi sun ce ta yi murmushi, kuma ba a ga murmushinta ba tun rasuwar mahaifinta sai ran nan. Sannan ta yi wasiyya cewa Asma'u da Sayyadina Aliyu ne za su wanke ta, kada a bar kowa ya shigo.

Ta cika a watan Ramadan na shekara ta 11. Ibnu Abdil Barri ya kawo cewa Nana A'isha ta zo za ta shiga, Asma'u ta hana ta. Nana A'isha ta kai kuka wurin mahaifinta. Sayyadina Abubakar ya zo ya tsaya a bakin ƙofa ya tambayi matarsa dalilin da ya sa ta hana matan Annabi shiga wurin ɗiyar Annabi, da dalilin wannan rumfa mai kama da ta amarya. Ta amsa masa cewa mamaciyar ce ta yi umarnin kada kowa ya shiga, rumfar kuma ta nuna mata tun tana da rai, ita ta ce a yi mata. Sai ya ce ta aikata abin da aka umarce ta, ya juya ya tafi. Mijinta ne, Halifan musulmi ne, waccan kuma Uwar Muminai ce kuma ɗiyar mijinta, amma amanar wadda ba ta da bakin magana kuma ta fi ƙarfi a wurinta. Shi ma Siddiƙu ya san haka, shi ya sa bai ja ba.

An rufe Nana Faɗima da dare. Ita ce mace ta farko a Musulunci da aka rufa wa makara ta wannan hanya, bayanta sai Nana Zainabu ƴar Jahshi. Malaman mazhabar Malikiyya sun lissafa rufa wa makarar mace rumfa cikin abubuwan da ake so. Duk macen da aka suturta haka daga wancan zamani zuwa yau, tana cin albarkacin kunyar Nana Faɗima da kunnen Asma'u.

Jinyar Siddiƙu

Bayan shekara biyu, a Jimada Akhira ta shekara ta 13, zazzaɓi ya kwantar da Sayyadina Abubakar kwana 15. Asma'u tana gefensa. Masu zuwa dubiya sun gan ta tana yi masa fifita. Ranar da ya leƙo don ya sanar da jama'a cewa ya zaɓar musu Sayyadina Umar, ƙarfinsa ya riga ya ƙare, ita ce take tallafe da shi. Al'amari mafi girma ga al'umma a lokacin, wato wanda zai riƙe ta bayansa, an sanar da shi ne Halifa yana jingine a hannun matarsa.

Ya yi wasiyya ita za ta wanke shi, in ta gaza ɗansa Abdurrahman ya taimaka mata. Mutumin da ya ga yadda ta tsare wasiyyar Nana Faɗima a gabansa ya san wa zai ba tasa. Ibnu Sa'ad ya kawo cewa ya san tana azumi, sai ya gama ta da Allah ta sha ruwa don ta samu ƙarfin aikin. Hidima da baƙin ciki suka mantar da ita, ba ta tuna ba sai can ƙarshen yini. Da ta tuna, sai ta nemi ruwa ta sha, don kada ta bi shi da saɓa rantsuwarsa, alhali saura kaɗan rana ta faɗi. A nan ne kuma labarin Muwaɗɗa ya shigo: da ta gama wankan ta fito ta tambayi Muhajirai da suke wurin ko wanka ya hau kanta, ga azumi ga sanyi, suka ce bai hau ba. Malamai sun kafa hujja da aikinta a kan halaccin mace ta wanke mijinta. An rufe shi da dare a ɗakin Nana A'isha, kusa da Masoyinsa (SAW), yana da shekara 63. Ɗansu Muhammadu bai kai shekara uku ba.

Sauran kwanakinta

Sayyadina Aliyu (RA) ya aure ta bayan haka, ta haifa masa Yahaya, kuma a gidansa Muhammadu ɗan Abubakar ya tashi. An ruwaito cewa wata rana ɗanta na wajen Ja'afar da ɗanta na wajen Abubakar suka yi gardama, kowa yana cewa ubansa ya fi. Sayyadina Aliyu ya ce ta raba musu. Ta ce ba ta ga saurayi cikin Larabawa da ya fi Ja'afar ba, ba ta kuma ga dattijon da ya fi Abubakar ba. Sayyadina Aliyu ya yi mata raha cewa ba ta bar masa komai ba, ya kuma ƙara da cewa da ta faɗi wanin haka da ya ƙi ta. Ba ta rage wa mamatanta komai ba don ta faranta wa mai rai.

An san ta da fassarar mafarki, har Sayyadina Umar yakan tambaye ta. A ƙarshen rayuwarsa ya yi mafarkin zakara ya tsattsage shi, ya ba ta labari, ta gaya masa cewa wani mutum cikin Ajamawa zai kashe shi. Ba ta lulluɓe masa ba. Shi kuwa ya hau mumbari ya sanar da mutane cewa yana ganin ajalinsa ya matso, ya yi musu wasiyya. Ba a daɗe ba Abu Lu'ulu'a ya soke shi a sallar asuba, a ƙarshen shekara ta 23. Mutumin da suka taɓa yin sa'insa a ɗakin Hafsa, ita ce ta ba shi damar yin shiri.

Jarrabawa mafi nauyi ta zo mata a tsufa. A zamanin fitina Sayyadina Aliyu ya naɗa ɗanta Muhammadu gwamnan Masar, aka kashe shi a can a shekara ta 38. Yaron da ta haifa a hanyar hajji, ta goya shi tana jinyar Nana Faɗima, ya cika a ƙasa mai nisa, ba ta laƙƙana masa kalmar shahada ba, ba ta ga makararsa ba. Malaman tarihin sahabbai sun ce da labarin ya zo mata, sai ta tashi ta shiga wurin sallarta na cikin gida, ta haɗiye baƙin cikinta har jini ya fito daga ƙirjinta. Wanda ya koya mata abin da ake faɗa a irin wannan rana ya riga ya tafi, amma abin da ya koya mata yana nan. Imamuz Zahabi ya ce ta rayu har bayan shahadar Sayyadina Aliyu a shekara ta 40.

Allah bai bar zuriyarta haka ba. Ɗan Muhammadu, wato Alƙasim, ya tashi a hannun Nana A'isha ya zama ɗaya daga cikin manyan malaman fiƙihu bakwai na Madina. Ɗiyarsa Ummu Farwa ita ce mahaifiyar Imamu Ja'afarus Sadiƙ, wanda Imamu Malik ya yi ruwaya daga gare shi, kuma sunansa yake cikin salsalar mutanen Allah da yawa.

Abin ɗauka

Risala ta Ibnu Abi Zaid ta karantar da abin da ake yi wa mai gargara: a fuskantar da shi alƙibla, a laƙƙana masa kalmar shahada, a rufe masa ido in ya cika, a bar hawaye su zuba amma ban da kururuwa. Kowane ɗayan waɗannan yana buƙatar mutum a kusa. Ba a yin su daga tsakar gida, ba a yin su ta waya. Da yawa sukan cika zaman makoki kwana uku, alhali lokacin da mamacin yake kwance yana neman wanda zai juya shi, ko ya jiƙa masa leɓe, ko ya ji bashin da yake son a biya masa, ɗakin babu kowa sai mace ɗaya da ta gaji. Wani kuma yakan zo, amma da zarar majinyaci ya fara wasiyya sai ya toshe masa baki da cewa ai zai tashi, mutum ya tafi da maganarsa a ciki.

Muridi yana neman hidima, yana neman inda zai karya ransa, yana neman halartar zuciya a zikiri. Ga wuri nan da ya tara su duka, ko a ɗakin tsohuwa ne a unguwa ko a gadon asibiti. Mai wannan zama ba shi da ikon ƙara wa kowa numfashi ɗaya, kuma ba a ɗora masa haka ba. Abin da aka ɗora masa shi ne ya zo da ƙafarsa, ya zauna, ya saurara, ya tunatar cikin taushi da rahamar Allah, sannan ya isar da abin da aka ba shi ba ƙari ba ragi, ko da wanda zai tsaya a bakin ƙofa ya fi shi girma. Wanda kuma Allah Ya ƙaddara nasa suka cika nesa da shi, a hanyar ci-rani ko a wata ƙasa, to ya tuna Asma'u ba ta samu Ja'afar ba, ba ta samu Muhammadu ba, amma ta ba ƴaƴan wasu da iyayen wasu abin da ba ta samu damar ba nata ba.

Allah Ya ƙara wa Sayyada Asma'u yarda, Ya ba marasa lafiya lafiya, Ya saka wa masu jinya da alheri, Ya jiƙan magabata, Ya sa a cika da kalmar shahada, albarkar Annabi Muhammadu (SAW). Amin.